Idan an daki ɗan adawa ko an ɗauke shi: yadda ake haɗa hujja a Damagaram har ƙara ta kai Jeniba ko Banjul

Ƙorafi da yawa da ake aikawa hukumomin kare haƙƙin ɗan Adam na duniya suna mutuwa tun a bakin ƙofa, ba a ma kai ga duba ko an zalunci mutumin ba. Dalilin kusan ɗaya ne kullum: babu tsayayyen kwanan wata, babu takardar likita, babu shaidar cewa an kai kuka gaban shari'ar gida. Waɗannan abubuwa kuwa a kwana biyu ko uku na farko ake samunsu, daidai lokacin da iyali ke cikin ruɗu, ana zarya tsakanin komisariya da jandarmeri, kowa na kiran wanda ya sani. Saboda haka daga gida za mu fara, kafin a yi maganar Jeniba, inda kwamitocin haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya suke.

Duka da kamun masu adawa ba su da jam'iyya. Kowace gwamnati da ta zo Nijar ta ga masu sukarta, kuma wanda ke kan kujera yau yana iya zama mai neman lauya gobe. Abin da ke nan na kowa ne.

Daren da aka ɗauke mutum

A samu mutum ɗaya a gidan mai natsuwa, a ba shi kaye da biro, ya zama shi kaɗai ke rubutu. Ya rubuta rana da awa, da wurin, unguwa da kwatancen da baƙo zai gane: Birni ne, Zango ne, Sabon Gari ne, kusa da wane masallaci ko wace makaranta. Mutane nawa suka zo, wane irin kaya suka sa, ƴan sanda ne, jandarmomi ne, ƴan gardi ne, sojoji ne ko farar hula, fuskarsu a rufe ko a buɗe. Mota wace iri, launinta, lambarta idan an gani. Sun nuna takarda ko ba su nuna ba, sun faɗi dalili ko ba su faɗa ba, me suka kwashe daga gidan. Idan shaida ya ce «bayan la'asar da kaɗan», a rubuta haka yadda ya faɗa, sannan a sa ƙiyasin awa a gefe. Kada a ƙirƙiro minti don takarda ta yi kyau. Ƙarya ƙarama guda ɗaya ta ishi lauyan gwamnati ya rushe duka labarin.

Washegari a fara neman inda yake, kuma kowace tafiya a rubuta ta: wane ofis aka je, ƙarfe nawa, wa aka tarar, me ya ce. Amsar «ba ya wajenmu» tana da nauyi ƙwarai. A dokar duniya, idan jami'an gwamnati suka kama mutum sannan suka musanta cewa yana hannunsu ko suka ɓoye inda yake, wannan ɓatar da mutum ne, ko da na ƴan kwanaki ne. Ƴar jarida Samira Sabou an ɗauke ta a Yamai ranar 30 ga Satumba 2023, aka yi kusan mako ba a san inda take ba kafin ta bayyana a hannun ƴan sandan bincike. A irin wannan makon ne ake buƙatar littafin zaryar iyali.

Tsarewar farko a hannun ƴan sanda ko jandarma, wadda ake kira «garde à vue», awa 48 ce a laifuffukan yau da kullum, ana iya ƙara 48 da izinin mai shigar da ƙara na gwamnati, wato prokirer. Idan aka jingina zargin da ta'addanci wa'adin ya fi haka tsawo nesa ba kusa ba, kuma ana iya wucewa da mutum Yamai, kusan kilomita 900 daga nan. Don haka a matsa a san sunan laifin da ake tuhumarsa da shi tun da wuri. Game da lauya, dokar UEMOA, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta Afirka ta Yamma, mai lamba 05 ta shekarar 2014 ta ba lauya damar tsayawa wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi. Idan an hana lauyan shiga, ya rubuta wa prokirer wasiƙa a ranar, ya ajiye kwafi. Wanda ba shi da halin biyan lauya ya nemi ofishin hukumar ANAJJ mai ba da tallafin shari'a a babbar kotun Damagaram.

Rauni, hoto da takardar likita

Nan ne aka fi yin asara. Tabon bulala ko kulki yana bajewa cikin makonni, kumburi kuma cikin kwanaki, amma mutane suna bari sai an gama jinyar gida sannan su tuna da hujja.

Kowane rauni a yi masa hoto uku da rana, ba da fitilar salula ba: ɗaya da ke nuna mutumin gaba ɗaya da fuskarsa, ɗaya da ke nuna sashen jikin, ɗaya kuma daf da raunin, da abin awo a gefensa. Rula ta ƴan makaranta ta fi, in babu a sa kwabon dala ashirin. A maimaita bayan kwana biyu ko uku, domin a baƙar fata jinin da ya kwanta ba ya fitowa sosai a ranar farko. Kada a yanke hoton, kada a ƙara masa haske, kada a rubuta komai a kansa. Aika hoto ta WhatsApp yadda aka saba yana rage ingancinsa ya kuma goge bayanan rana da awa da ke ɓoye a cikinsa. A aika shi a matsayin «document». Asalin hoton ya zauna a wuri biyu aƙalla, ɗaya a katin memwa da ba ya cikin gidan, saboda salula ita ce abu na farko da ake ƙwacewa. Akwai manhajar Tella da ke ɓoye hotuna da takardu a bayan kalmar sirri, tana da amfani ga masu tattara shaida.

Kayan da jini ya ɓata a shanya su a inuwa su bushe, a naɗe a takarda ko kwali. A leda suna yin fumfuna su lalace. Kwanson harsashi kuwa a ɗauki hotonsa a inda ya faɗi, a bar shi nan. Wanda aka tarar da shi a aljihu ya jawo wa kansa wata tuhumar.

Sai asibiti, a ranar ko washegari. Ko Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram ko asibitin gunduma a Mirriya, Magarya, Matamai, Tanut ko Gure, abin da ake nema shi ne «certificat médical», wato takardar likita, mai cikakken bayani. Takardar da ta ce «raunuka a jiki» kawai ba ta da wani amfani. A roƙi likita ya rubuta kowane rauni daban: inda yake, tsawonsa da faɗinsa da santimita, siffarsa, launinsa, da kwanakin da mutumin zai yi bai iya aiki ba. Ya rubuta abin da majinyacin ya ce an yi masa da bakinsa, sannan ya faɗi ra'ayinsa kan ko raunin ya dace da wannan bayani. Wannan jumla ta ƙarshe ita ce zuciyar takardar. Ƙa'idar Istanbul kan binciken azabtarwa, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 1999 aka kuma sabunta a 2022, ta tsara matakai biyar na wannan ra'ayi, daga «bai dace ba» har zuwa «babu abin da zai haifar da wannan rauni sai abin da aka faɗa». Likita ba ya buƙatar ya ambaci wanda ya yi dukan, kuma kada a matsa masa ya yi. A bar shi a kan abin da idonsa ya gani. A ajiye hoton rediyo, takardar magani da rasiɗin kantin magani, domin da su ake lissafin diyya. Rashin barci, firgita da tsoron fita su ma a faɗa wa likita ya rubuta. Kuma rashin tabo ba ya nufin ba a azabtar da mutum ba. Shaƙewa, tsayuwar dole da hana barci sau da yawa ba sa barin alama.

Idan rai ya fita, al'amarin ya fi wuya, don addini da al'ada suna son a gaggauta sutura kuma babu mai son jayayya a kan gawa. Duk da haka rabin awa ta isa. Kafin wanka, da izinin magada, wani amintacce ya ɗauki hoton raunukan cikin mutunci, a nemi takardar mutuwa da ta faɗi sanadi, a kuma rubuta sunayen masu wankan gawar. Su ne suka ga jikin da idonsu, kuma shaidarsu tana tsayawa idan aka ɗauke ta a makon. Iyali su rubuta wa prokirer suna neman bincike a kan sanadin mutuwar, ko da sun san ba za a amsa ba.

Shaidu

Kowane shaida a zauna da shi shi kaɗai. Idan aka tara su a fada ɗaya suka ba da labari tare, bayanansu za su fito iri ɗaya kalma da kalma, kuma mai karantawa zai ɗauka an kitsa su. A raba abin da mutum ya gani da abin da ya ji an ce. A rubuta da Hausa yadda ya faɗa, a fassara zuwa Faransanci, a sake karanta masa, sannan ya sa hannu ko ya dangwala. A cikin fayil a kira shi da lamba, takardar da ke haɗa lamba da suna kuma ta zauna a wani wuri daban.

Akwai tambayar da dole shaidu su taimaka a amsa: ina hannun hukuma a ciki? Hukumomin duniya da za mu ambata a gaba gwamnati suke tuhuma, ba ɗaiɗaikun mutane ba. Idan masu kayan sarki ne suka yi dukan, magana ta fito fili. Idan kuwa ƴan banga ne ko matasan da aka yi haya, sai an nuna ɗaya daga cikin abu uku: jami'ai suna wurin suka zura ido, ko an sanar da hukuma barazanar tun kafin a yi ba ta ɗauki mataki ba, ko an kai ƙara bayan an yi aka ƙi bincike. Shi ya sa duk wanda aka yi wa barazana ya kamata ya kai rahoto a rubuce tun kafin wani abu ya faru.

Shari'ar gida, ko da ba a sa ran komai

Mutane suna cewa me za a je yi wajen prokirer alhali an san amsar. A je, domin takardar shaidar zuwan ita ake nema. A rubuta ƙara kwafi biyu, a kai ofishinsa, a sa a buga hatimi da kwanan wata a kan kwafin da za a koma da shi. Idan an ƙi karɓa, a sa «huissier», wato ma'aikacin shari'a mai isar da takardu, ya kai ya rubuta cewa an ƙi. Tun 2020 dokar hukunta laifuka ta Nijar ta sa azabtarwa a matsayin laifi mai zaman kansa, don haka a kira abin da sunansa a cikin ƙarar idan ya kai haka. Bayan wata ɗaya a aika wasiƙar tuni, bayan wata uku a sake, kowacce da hatiminta. Idan prokirer ya ajiye fayil ko ya yi shiru, akwai hanyar kai ƙara kai tsaye gaban alƙalin bincike a matsayin wanda aka cuta, «plainte avec constitution de partie civile», inda ake ajiye wani kuɗi da alƙalin zai yanka. Daga nan sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Damagaram, sai kotun ƙoli a Yamai.

Ba dole ne a jira har abada ba. A shari'ar Dawda Jawara da ƙasar Gambiya, a shekarar 2000, Hukumar Afirka ta kare haƙƙin ɗan Adam da ke Banjul ta ce hanyar gida da ake wajabta wa mutum ya bi ita ce wadda ke samuwa, mai aiki, kuma mai iya share hawaye. Amma faɗin cewa kotunan gida ba su da ƴanci bai isa ba. Tarin wasiƙu masu hatimi da babu amsa shi ke tabbatar da hakan.

Wace ƙofa za a buga

Shekaru da yawa ƙofar da ta fi sauƙi ga ɗan Nijar ita ce Kotun CEDEAO da ke Abuja, don ba ta sharɗanta a gama da kotunan gida. Ita ta yanke wa Hadijatou Mani hukunci a kan bauta ranar 27 ga Oktoba 2008 da diyyar sefa miliyan 10, ita ta ce a saki Mamadou Tandja a Nuwamba 2010, ita kuma ta ce a saki Mohamed Bazoum ranar 15 ga Disamba 2023. Amma ficewar Nijar daga CEDEAO ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, don haka kada a ɓata kuɗi da lokaci a can kan abin da ya faru bayan wannan rana. Kotun hukunta manyan laifuka ta duniya da ke Hag ita ma ba wurin ƙarar mutum ɗaya da aka daka ba ce.

Ga wanda ke tsare yanzu, mafi dacewa shi ne Kwamitin Aiki na Majalisar Ɗinkin Duniya kan tsarewa ba bisa ƙa'ida ba, mai ƙwararru biyar, wanda aka kafa a 1991. Ba ya buƙatar a gama shari'ar gida, ba a biyan ko dala, iyali ko lauya ko ƙungiya suna iya rubuta masa da Faransanci. Yana ba gwamnati kwana 60 ta amsa, a turo wa mai ƙara amsar ya yi raddi, sannan ya fitar da ra'ayinsa a fili. Abin da yake dubawa: an kama mutum ba tare da tushen doka ba, ko saboda ya faɗi ra'ayi ko ya yi taro, ko an tauye masa shari'ar adalci, ko an nuna masa wariya saboda ra'ayin siyasa. A nuna masa wanne daga ciki ya shafi mutuminku, da kwanan wata na kowane mataki.

Ga wanda ba a san inda yake ba, Nijar ta shiga yarjejeniyar hana ɓatar da mutane a 2015, kuma sashe na 30 ya ba dangi damar neman matakin gaggawa daga kwamitin yarjejeniyar, bayan an sanar da hukumomin gida in hakan zai yiwu. Akwai kuma wani Kwamitin Aiki kan ɓatattu da aka kafa a 1980, mai hanyar gaggawa ga wanda ya ɓata cikin wata uku da suka wuce. A zaɓi ɗaya, kada a aika wa biyun.

Ga barazana ko azaba da ke gudana, a rubuta wa masu bincike na musamman na Majalisar: na azabtarwa, na kisan gilla, na ƴancin taro, na masu kare haƙƙin ɗan Adam. Ana cika fom ɗaya a shafin intanet na Ofishin Babban Kwamishinan Kare Haƙƙin Ɗan Adam, wanda yake da reshe a Yamai. Suna iya aika wa gwamnati wasiƙa cikin kwanaki, kuma ana wallafa ta bayan kwana 60. Wannan ba hukunci ba ne, amma mai tsare da mutum yana sanin an san sunan wanda ke hannunsa.

Sai hanyoyi masu tsawo, na shekaru, waɗanda ke buƙatar an bi shari'ar gida. Nijar ta shiga yarjejeniyar haƙƙoƙin jama'a da siyasa da ƙarin yarjejeniyarta ta farko a 1986, don haka mutum na iya kai ƙara gaban Kwamitin Haƙƙin Ɗan Adam mai mambobi 18 a Jeniba. Gwamnati na da wata shida ta amsa, kuma ƙarar da aka kawo bayan shekara biyar da gama shari'ar gida ana iya watsar da ita. Hukumar Afirka da ke Banjul tana karɓa daga kowa, har daga ƙungiya a madadin wani, bisa sharuɗɗa bakwai na sashe na 56 na Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam. Biyu daga cikinsu su suka fi kayar da mutane: kada ƙarar ta dogara ga labaran kafofin watsa labarai kawai, kuma kada ta ƙunshi zagi ko cin mutuncin ƙasa da hukumominta. A kai cikin wata shida da hukuncin gida na ƙarshe don a kauce wa jayayyar jinkiri. Dakatar da Nijar da Tarayyar Afirka ta yi a Agusta 2023 bai sauke mata nauyin wannan yarjejeniya ba. Kotun Afirka da ke Arusha kuma, a 2021 Nijar ta miƙa mata sanarwar da ke ba ɗaiɗaikun mutane damar kai ƙara kai tsaye; ƙasashe irin su Ruwanda, Tanzaniya, Benin da Kodibuwa sun janye tasu, saboda haka lauya ya tabbatar da matsayin sanarwar a ranar da zai shigar. Magana ɗaya ba a kai ta Jeniba da Banjul lokaci guda.

Rubutun kansa, da yardar mai abin

Takardar ƙara ta bi kwanan wata daga farko zuwa ƙarshe, kowane sakin layi da lambarsa, kowace magana da lambar hujjar da ke goya mata baya. A bar tarihin siyasar ƙasa a layi biyar. A bar kalmomin fushi, raunukan da kansu sun isa. A faɗi abin da gwamnati za ta kawo a kan mutumin, ko da ba shi da daɗi, domin gara a ji shi daga bakinku. A ƙarshe a rubuta abin da ake so dalla-dalla: saki, ganin likita da lauya, bincike, diyya. Kwafi ake aikawa, asali ya zauna a gida.

Kafin a aika komai, a zauna da mai abin, ko da iyalinsa idan ba a iya kaiwa gare shi, a gaya musu gaskiya: sunansa zai isa hannun gwamnati, kuma a mafi yawan hanyoyin zai fito a rahoton da kowa zai karanta. A gaya musu kuma cewa waɗannan hukumomi ba su da ƴan sandan da za su tilasta hukunci. An biya Hadijatou Mani diyyarta, amma hukuncin Disamba 2023 kan Bazoum ba a aiwatar da shi ba. Idan sun yarda, su sa hannu a takardar wakilci. Idan sun ƙi, an tsaya nan, komai ƙarfin hujjar, kuma ba daidai ba ne wata ƙungiya ko jam'iyya ta yi gaban kanta da sunan mutum.

A yi hattara da Facebook. A watan Yuni 2024 an maido da hukuncin ɗauri a dokar laifukan intanet ta 2019 kan ɓata suna da yaɗa abin da aka ce zai tada hankalin jama'a. Wallafa sunan jami'i da hotonsa ana zarginsa yana iya kai mai wallafawar gidan kaso, ya kuma tona shaidu. Sunayen waɗanda ake zargi su tafi cikin fayil, wajen lauya da hukumar da aka rubuta wa.

Bayan an aika, a buɗe adireshin imel guda na wannan ƙara kaɗai, mutum biyu su riƙe kalmar sirrinsa, a riƙa duba shi kowane mako, domin wa'adin raddi gajere ne kuma rashin amsa yana sa a rufe fayil. Duk wani sauyi a sanar nan take: an mai da shi wani gidan kaso, an ƙara masa tuhuma, ya kamu da ciwo, ko an sake shi. Sakin mutum ba ya hana Kwamitin Aiki fitar da ra'ayi a kan tsarewar da aka yi masa. Idan kuma aka tsoratar da wani saboda ya kai ƙarar, a rubuta rana da abin da aka ce, a aika wa hukumar da ke riƙe da fayil a ranar. Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya yana fitar da rahoto kowace shekara kan irin wannan ramuwar gayya, kuma kwamitocin suna iya neman gwamnati ta ba mai ƙara da shaidunsa kariya.